Ƙafar Roba a Unguwar Boro

Ina da shekara takwas wata tifa ta take mini ƙafar hagu a bakin kasuwar Television. Mama ce ta aike ni sayen manja. Ban tuna ƙarar motar ba, ban kuma tuna zafin ba. Abin da na tuna shi ne na farka a asibiti na ga zanin gado ya kwanta shafe a inda ya kamata ya tasa. An yanke ta ƙasa da gwiwa kaɗan.

A lokacin babanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri, Mama kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gidan hayar da muke zaune. Wani kafinta ɗan cocinmu ya sassaƙa mini sanduna biyu, na yi ta dogarawa da su har hammatana suka yi kanta. Na daina zuwa makaranta. Ba don an hana ni ba, sai don na gaji da yadda malamai ke cewa "Allah sarki" duk lokacin da na shigo aji.

Wata mata ce a zumuntar matan cocinmu ta gaya wa Mama cewa akwai ƙungiyar agaji ta ƙasar waje da ta buɗe cibiya a Unguwar Boro, ana yi wa mutane ƙafar roba. Mama ta ƙulle cinikin ƙosanta a bakin zani, ta goya ni duk da girmana, muka hau bas.

Ban taɓa ganin wuri mai tsabta irin wannan ba. Gini fari, fararen motoci a jere a ƙarƙashin rumfa, janareto yana ta gurnani a baya da rana tsaka. Kafin ma a tambaye mu abin da ya kawo mu, an miƙo mana shayi da burodi da dafaffen ƙwai. Mama ta riƙe ƙwan a hannu ta kasa ci.

Wanda ya duba ni wani dogon dattijo ne mutumin Filato, hannayensa fari fat da garin filasta. Kowa Baba mai ƙafa yake ce masa. Bai ce mini sannu ba. Ya durƙusa ya kama dungun, ya jujjuya shi kamar mai zaɓen doya.

"Dungu mai kyau ne," ya ce. "'Yata, tafiya kike so ko gudu?"

"Gudu," na ce.

"To, za ki yi."

Mama ta fara kwance bakin zani. "Baba, nawa za mu kawo? Ko kaɗan-kaɗan ne za mu biya."

"Mayar da abinki, Mama. Nan ba a biya."

"To wa ke biya?"

Ya nuna mata wani hoto a bango. Tsofaffin matan turawa ne sanye da manyan riguna na sanyi, suna tsaye a bayan tebur cike da kaya. Ya ce waɗannan ne. Can ƙasarsu suna tara gwanjo da tsofaffin littattafai su sayar a ƙananan shaguna, wasu kuma suna jefa 'yan canji a gwangwani a ƙofar coci, shi ake tarawa a turo. Mama ta daɗe tana kallon hoton.

"Ashe baiko ne, irin wanda muke bayarwa a coci," ta ce.

Daga ranar, duk addu'ar safe a gidanmu sai ta sa tsofaffin nan a ciki.

Ƙafar yaro ba ta daɗewa, domin yaron yana girma ita ba ta girma. A shekarun nan na farko wannan bai dami kowa ba. Da na ce tana matsa mini, sai a sake aunawa a yi sabuwa, a haɗa mini da takalmi da safar dungu masu laushi, a kuma ba Mama kuɗin mota. Tsohuwar ƙafar, Baba da kansa yake ɗauka ya wurga a wani rami da aka haƙa bayan kicin. Na taɓa tambayarsa ko ba za a ba wani yaron ba. Ya ce kowa da tasa, sababbi na nan cike da sito, me za a yi da tsohuwa?

Wani bature ne shugaban cibiyar, mutum mai fara'a da ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Duk shekara yakan kawo baƙi daga hedikwatarsu, a yanka kaji, a kafa rumfa. Ni ake sa wa farar riga a ba ni ƙwallo a ce in yi gudu, su kuma su yi ta ɗaukar hoto. Wani lokaci sai a ce in ɗage siket a ga ƙafar sosai. Ban so wannan ba, amma Baba ya ce da ni in daure, hoton nan shi ne ke sa tsofaffin su buɗe jaka. Da aka rufe masaƙa babanmu ya rasa aiki, cibiyar ce ta riƙa biya mini makaranta. Don haka na daure. Na yi gudu a gaban baƙi har na zama budurwa.

Ina sakandare abin ya fara canzawa, kuma a wajen shayi na fara gani. Ƙwai ya ɓace. Daga baya burodin ya bi shi. Baturen ya tafi hutu bai dawo ba, ba a kuma turo wani ba. Aka ɗora wata ma'aikaciyar jinya 'yar Binuwai da ta daɗe a wurin, muka koma ce mata Madam. Ita ta gaya wa iyayen yara cewa tattalin arzikin ƙasashen can ya girgiza, mutane sun rage bayarwa, saboda haka za a daina biyan makaranta, ƙafa kuma sai ta lalace za a canza.

Na ƙara tsawo a shekarun nan. Baba ya riƙa ƙara mini guntun ƙarfe a tsakiyar ƙafar, yana goge cikin soket, wato kwaryar da dungu ke shiga, har ta yi siriri kamar ɓawon ƙwai. Na fara ɗingishi. Ciwon bayan da nake fama da shi yau, a nan ya samo asali. Duk da haka ƙofa ba ta taɓa rufuwa ba. Kaya suna zuwa, ko da a makare, kuma duk wanda ya zo da dungu ana yi masa, ba a tambayarsa komai sai inda ke masa ciwo.

Da na gama sakandare ba halin ci gaba, sai Madam ta ɗauke ni aiki. Aikina shi ne koya wa sababbin masu ƙafa tafiya. Akwai dogayen ƙarafa biyu a wani ɗaki, mutum ya riƙe su ya taka, ni kuma ina gabansa ina ja da baya. Manyan maza sukan yi kuka a ɗakin nan. Idan wani ya ce ba zai iya ba, sai in ɗage zanina in ƙwanƙwasa tawa da sanda. Yawanci hakan ya fi kowane lallashi aiki. A nan na haɗu da mijina, ya kawo ƙanensa da injin niƙa ya ci wa hannu.

Sai kuma kuɗi suka dawo, irin dawowar da ba mu taɓa gani ba. Gwamnatin wata babbar ƙasa ta ba ƙungiyar tallafi mai yawa saboda rikice-rikicen da ake yi a ƙauyuka. Aka yi sabon gini a gefen tsohon, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka kawo sababbin motoci. Samari da 'yan mata masu kwamfuta suka zo daga Abuja. Aka riƙa kai mu bita otal muna cin shinkafa da kaza. Albashina ya ƙaru har muka bar ɗaki ɗaya muka kama ciki da falo. Ni ma aka yi mini ƙafa mara nauyi, wadda ban taɓa taka irinta ba. Ita ce a jikina har yau.

Kowa na murna ban da Madam. Wata rana bayan an tashi na same ta a tsohon ofis tana cire hoton tsofaffin nan daga bango, don an ce a kafa allon sabon mai tallafi a wurin.

"Madam, ba ki da lafiya ne?" na ce.

"Lafiyata ƙalau. Kin san an rufe shagunan matan nan?"

"Don me?"

"Wasu sun mutu, wasu sun tsufa, yaransu ba su karɓa ba. Hedikwata kuma ta ga wahalar bin mutum dubu tana roƙon canji ba ta da amfani, tunda ga mutum ɗaya ya ba da abin da ya ninka nasu." Ta goge ƙurar hoton da gefen rigarta. "Kuɗin da, ruwan rijiya ne. Kaɗan ne, amma kullum in kin zura guga za ki samu. Wannan na tanka ne. Ni ranar da mai tanka bai zo ba nake tunani."

Na ce Allah ba zai kawo ranar ba. Ta ce amin, ta sa hoton a jakarta.

Sabon kuɗin da sharaɗinsa ya zo. Na waɗanda rikici ya shafa ne kawai. Yanzu a bakin ƙofa akwai wani saurayi da ke tambayar kowa yadda ya rasa ƙafarsa. Wanda aka sara ko aka harba, ya wuce sabon gini. Wanda mota ta buge, ko ciwon suga ya ci, ya zauna a benci ya jira abin da ya rage daga tsohon asusu, wanda kusan ba komai a cikinsa. Da a lokacin Mama ta goyo ni, benci za a nuna mana. Ba a daɗe ba mutane suka gane, kowa ya zama wanda 'yan bindiga suka harba. Saurayin ya san ƙarya ake yi masa, yakan dai kau da kai.

Akwai wani dattijo mutumin Nasarawa, tsohon ma'aikacin gwamnati, da suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Na ja shi gefe na gaya masa abin da ake cewa. Ya dube ni da kyau.

"'Yata, ni nake koyar da makarantar Lahadi a cocinmu. Suga ne. Ba zan ɗora wa wani abin da bai yi mini ba."

Ya zauna a benci. Duk wata yana zuwa da 'yar jakarsa da laima, a ce masa ya ƙara haƙuri. Baba yana ta tara masa guntayen kaya a hankali, amma kafin su cika, ciwon ya kama ɗaya ƙafar. Daga nan bai sake zuwa ba. Matarsa ce ta aiko mana da labarin rasuwarsa.

Shekaru muka yi a haka, sabon gini cike da kaya, tsohon gini cike da masu jira.

Ana cikin damina wani manomin citta ya zo daga wani ƙauye a kudancin jihar da 'yarsa a kafaɗa. Ba za ta wuce shekara bakwai ba. An kai wa ƙauyensu hari, uwar ta mutu, ita kuma aka yanke mata ƙafar dama sama da gwiwa. Ba ta magana. Uban ya ce tun ranar ba ta ce uffan ba. Baba ya naɗa mata filasta ya ɗauki siffar dungun, ya gaya wa uban cewa gwiwar ƙarfe ta yara ta ƙare a sito, amma an yi odar wasu suna hanya, su dawo bayan wata guda. Mutumin ya yi ta godiya har yana neman durƙusawa.

Mako bai cika ba Madam ta tara mu da safe a gindin mangwaro. Ba ta zauna ba.

"An ce mu dakata," ta ce. "Gwamnatin da ke ba da kuɗin ta tsayar da komai. Ba mu kaɗai ba, duk ƙasashen da ƙungiyar ke aiki."

"Har yaushe?" wani direba ya tambaya.

"Ba a faɗa ba."

"Kayan da ke hanya fa?" Baba ya ce.

"Ba su taso ba, Baba. Ba za su taso ba."

'Yan Abuja su aka fara sallama. Sai direbobi, sai mai dafa abinci, sai masu gadi biyu daga cikin uku. Motocin suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Aka kulle sabon gini muka koma tsoho. Janareto ya yi shiru, kuma sai a lokacin na san cewa duk shekarun nan ban taɓa jin kukan tsuntsayen mangwaron ba. Tandar da ake gasa robar soket da lantarki take aiki, don haka in an kawo wuta kowa sai ya bar abin da yake yi ya ruga a kunna ta. Wani lokaci roba na tsakar laushi wutar ta ɗauke, a yi asararta.

Manomin ya dawo kamar yadda aka ce masa. Ni aka tura in yi masa bayani, don Baba ya shige sito ya ƙi fitowa. Na ce kaya sun makara. Ya ce ba komai, zai sake dawowa. Ya zo na biyu, na sake faɗa masa haka. Da ya zo na uku ya gaya mini ya sayar da akuya ne ya yi kuɗin mota, na kasa maimaitawa. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci ya ɗora yarinyar a cinya, ya ce, "To, 'yar'uwa, yanzu ina za mu?"

Baba ya ji daga sito. Ya fito ya ɗauki shebur ya zagaya bayan kicin.

An daɗe da cike ramin nan, har ciyawa ta rufe shi. Baba ya fara haƙa, mai gadin da ya rage ya kama masa, manomin ma ya ajiye 'yarsa a wurina ya karɓi diga. Ƙasar jiƙe take, jar laka. Da suka yi nisa ƙafafu suka fara fitowa, manya da ƙanana, wasu da takalmansu. Robar tafin ta ruɓe, da an taɓa sai ta farfashe, amma ƙarafan da kusoshin suna nan. Muka jera su a kan siminti muna wankewa da bokiti. Yarinyar tana kallo ba ta ko ƙifta ido. Na so in juya mata fuska, ta ture hannuna.

Baba ya tsaya a cikin ramin, laka har gwiwa, yana haki.

"Da hannuna na zubar da waɗannan," ya ce. Ba da kowa yake ba.

Mun sami abin da ya gyara wa mutane da dama ƙafa a watannin da suka biyo baya. Gwiwar yara mai aiki ce ba mu samu ba. Biyun da suka fito sun yi tsatsa sun daskare. Baba ya haɗa wa yarinyar ƙafa miƙaƙƙiya, sandararriya, wadda ba ta lanƙwasawa. Safar dungu ta ƙare, muka yanka tsohon tawul. Na koya mata tafiya tsakanin ƙarafan nan, tana wurga ƙafar gefe kamar mai tsallake kwata. Ta iya da wuri. Ranar da za su tafi ta taka da kanta har bakin titi, uban yana binta a baya da hannuwa a buɗe.

Kafin girbi ya dawo da ita a kafaɗa, ƙafar a cikin buhu. Soket ɗin ya goge mata fata ya zama gyambo. Madam ta wanke ta ɗaure, Baba ya ce a ajiye ƙafar sai ya warke. Duk mun san kafin ya warke ta girme ta. Mutumin ya bar buhun a gindin benci, ya ce ko wani yaron zai amfana. Na ba shi lambar wayata. Bai taɓa kira ba.

Ƙarshen abin, wani jami'i ya zo daga ofishin yanki, mutum mai sanyin murya da ya zo a motar haya. Ya tara mu 'yan da muka rage. Ya ce ƙungiya ba ta mutu ba. An haɗe ta da wata da ta fi ta girma don a tsira, sabuwar kuma ta yanke shawarar mayar da hankali kan rigakafi da ruwan sha, inda kuɗi kaɗan ke kaiwa ga mutane da yawa. Ƙananan cibiyoyi irin tamu za a rufe.

"Oga," Baba ya ce, "waɗanda muka riga muka sa wa ƙafa fa? Yaran suna girma."

"Na sani, Baba."

"To me za mu ce musu?"

Mutumin ya cire tabarau ya murza ido. "Ban sani ba. Ku ne na huɗu da na rufe a tafiyar nan. In na gama da sauran, ni ma ofishina za a rufe."

Mai gadi ya kawo masa ruwa ya sha.

Aka loda tanda da manyan injuna a babbar mota, aka ce wani asibiti za a kai a wata jiha. Aka bar wa Baba kayan hannu. Siffofin filasta na mutanen da aka auna ba a yi musu ba suna jere a kanta, ba wanda ya san yadda za a yi da su. Mai gidan da cibiyar ke haya ya sa aka kwashe da zai yi fenti. Yanzu makarantar kuɗi ce a wurin, ɗakin da nake koyar da tafiya ya zama ajin 'yan nazire.

Baba ya koma gidansa a Mahuta ya ci gaba a baranda. Bututun ruwa yake saya a kasuwa, ya gasa a kan risho, ya lanƙwasa da hannu a naɗe da tsumma. Tafin ƙafa kuma da tayar mota yake yankawa. Nakan je ranar Asabar in taya shi. Mutane suka gano gidan, suka riƙa zuwa daga nesa. Dole ya ce su kawo na bututu da na kananzir, don shi ma ba albashi. Wasu suka kawo. Wasu suka ce kayan turawa ne ya sace yake sayar musu. Wata mata ta tsaya a ƙofar gidan ta yi ta ɗaga murya, tana cewa da kyauta ake yi, ɓarayi ne suka cinye ƙungiyar. Baba yana zaune da bututu a hannu, ya ci gaba da aikinsa. Da ta tafi ya ce da ni, "Gara ta zagi wanda take gani." Amma daga ranar ya rage cin abinci, matarsa ce ta gaya mini.

Bai cika shekara biyu a barandar ba jininsa ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi 'yan watanni a kwance, hannun da ke aikin a naɗe a ƙirji. In na je gaishe shi sai ya yi mini nuni da ido in taka ya gani. Ina takawa yana sauraron ƙarar, ya girgiza kai. Ya ji tsagewar da ta fara a soket ɗina tun kafin ni in gan ta.

Ranar jana'izarsa cocin ya cika. Ban san yadda labari ya kai wa mutane ba. Da fasto ya ce a miƙe a yi waƙa, sai da aka ɗan jira, don rabin jama'ar ba sa iya miƙewa da sauri. Ƙarafa suna ƙara, sanduna suna buga siminti. Na ga waɗanda na koya wa tafiya suna yara, yanzu sun zama samari, sun koma kan sanda, ƙafar wando ɗaya a naɗe da fil. Bayan an dawo daga maƙabarta wasu suka kewaye babban ɗan Baba suna tambaya ko akwai sauran kaya a gidan, ko kusa ɗaya ce. Ya ce su yi haƙuri, an sayar wa 'yan gwangwan lokacin jinya.

A bakin titi na haɗu da Madam. Ta rame, ta yi furfura. Tana aiki a wani ƙaramin kemis a garinsu, da bas ta zo. Muka tsaya muna jiran keke mai ƙafa uku.

"Kina duba shafin ƙungiyar a intanet?" ta ce.

"Na daina."

"Ni ina dubawa. Sun ce bana sun fita daga giɓin kuɗi. Har biki suka yi. Sun ce ƙungiyar ta fi kowane lokaci lafiya."

"Ƙarya ce ko?"

"A'a, ba ƙarya ba ce. Sun sauke kaya, dole su ji sauƙi." Ta gyara ɗankwalinta. "Kuma ruwan shan da suke yi, ana sha. Na ga rijiyoyin a wajenmu. Ban san wanda zan yi fushi da shi ba, shi ne ke hana ni barci."

Keke ya zo, mutum ɗaya ya rage a cike. Na ce ta shiga, tafiyarta ta fi nisa. Ta riƙe hannuna ta ce in gaida yara, ta shiga suka tafi.

Na daɗe kafin in sami wani. Da na isa gida dungun ya kumbura saboda tsayuwa. Na zauna a bakin gado na cire ƙafar, na ga tsagewar ta ƙara tsawo har ta kusa baki. Mijina ya ɗauka ya duba a hasken taga. Ya fita ya aro abin huda a wajen mai gyaran babur, ya yi ƙananan huji a gefe da gefen tsagar, ya ɗinke ta da waya. Ya naɗe bakin wayar da tsumma don kada ta soke ni.

"Taka mu gani," ya ce.

Na sa, na taka zuwa ƙofa na dawo.

"Yaya?"

"Za ta kai Kirsimeti," na ce. Na shiga kicin na ɗora ruwan tuwo.